Rawanin Sarkin Lantarki

Tun da aka kafa garin Mafara ban ji an taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda aka zalunce ni ba. Na faɗa, kuma ko gaban alƙali aka kai ni zan maimaita. Mutanen tsohuwar Maradun ruwan dam ɗin Bakolori ya ci garinsu, an yanka musu sabon wuri sun gina. Ni da aka ci mutuncina ranar Talata, kasuwa na ci, a gaban baƙi, wa ya yanka mini sabo? Jiya na je teburin mai shayi, mutumin da a da in ya hango ni sai ya kakkaɓe benci ya ce Injiniya ya iso. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya zuba mini shayi a kofin nan mai karyayyen hannu, wanda yake ajiye wa masu wucewa. Ni, Ɗanasabe!

In ba ku san ni ba, to, ba ku zauna Mafara ba. Na yi aiki a dam tare da Turawan da suka ja wayoyin lantarki. Maƙiya za su ce muku tsani nake riƙewa. Na riƙe tsani, ban musa ba. Amma wanda ke ƙasa riƙe da tsani idonsa a sama yake, komai yana gani. Shi kuwa na saman, bango kaɗai ke gabansa. Ku gaya mini wa ya fi wani koyo.

Da aikin dam ya fara ja baya, Turawa suna sayar da tarkacensu, Alhaji Yari, attajirin unguwarmu mai fataucin shinkafa, ya sayo wani tsohon injin wuta, girmansa kamar bijimi ya durƙusa. Aka girke shi a rumfar kwano bayan zaurensa. Ni na ja waya biyu daga jikinsa. Ɗaya ta bi hanyar Bakura, tana ba injin niƙa da gidaje wuta. Ɗaya ta bi hanyar Maradun, inda shagon waldar Labaran yake, da firjin Inna Marka mai sayar da kifin dam. Muka raɗa musu suna, layin Bakura da layin Maradun, kamar wasu 'yan biyu.

Wata rana a majalisar Mai Unguwa Hamidu na lura da wani giɓi. Mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai suna da Sarkin Aska, maƙera ma haka, lantarki kaɗai aka bari maraya. Ban ce a ba ni ba, ni ba mai kwaɗayi ba ne. Na dai riƙa tuna masa safe da yamma har ya gane da kansa. Ya nemi izinin manya, aka sa ranar Talata za a naɗa ni Sarkin Lantarki. Na sayo rawani fari fat, dogo, wanda mai shi ya rantse daga Sakkwato ya zo.

Ana cikin haka sai ga hadarin farkon damina. Iska ta karyo reshen dogonyaro ta jefa kan layin Bakura, wayoyi suka rungumi juna, tartsatsi ya tashi, unguwa ta yi ɗif. Washegari na sare reshen, na ɗaure waya, na canza fiyus, wato ɗan siririn abin nan da ke cikin akwatin inji, wanda ke ƙonewa in wuta ta yi fushi don kada fushin ya kai ga sauran kaya. Wuta ta dawo. Ina jiran a ce sannu, sai Alhaji ya aiko kirana.

Na same shi a zaure ƙarƙashin fanka, da kwanon fura a gabansa. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ina ƙoƙari, har dai gaisuwa ta ƙare don kanta.

"Ɗanasabe, wagga wuta ta dawo, na gani," in ji shi. "Abin da nika tambaya, ta warke, ko ko tashin mai zazzaɓi ta yi, gobe ta koma kwance? Ina da baƙi daga Bakura da Garbadu ranar naɗinka. In ta ba ni kunya gabansu, ba rawani. Na gaya wa Mai Unguwa."

"Ranka shi daɗe, ka zo ga mai abin," na ce. Na gyara zama. "Can dam, in layi ya sami rauni anka gyara, Turawa ba shayi suka tahiya sha ba. Tsayawa suka yi gaban allurar ma'aunin wuta suna kallo. In ta yi lilo ta yi lilo ta tsaya, layi ya warke. In lilon ƙaruwa shika yi, to, a nemi mahita. Wani lokaci ma da gangan suka yanke layi guda, su ga ko sauran za su tsaya da ƙahwahunsu. Jakin da ya hwaɗi, ai sai an ga tahiyatai kahin a ɗora mishi kaya."

"Allurar injina ta mutu tun kahin in saye shi."

"Hwankarka ita ta allura. Zauna nan, kar ka motsa, ka dube ta. In na dawo ka gaya min abin da ta yi."

Na zagaya rumfa na kama hannun da ke yanke layin Bakura na ja. Ban gaya wa kowa ba, don ciwo ba ya sallama, gwajinsa ma bai kamata ya yi ba. Inji da ya ji an sauke masa rabin kaya sai ya ƙwalla ƙara kamar an cire wa jaki mangala a bakin kasuwa. Na leƙo zaure. Fanka ta koma ba a ganin fikafikanta, hular Alhaji tana cikin fura, shi kuwa yana riƙe da babbar rigarsa da hannu biyu.

"Ta tsaya, ranka shi daɗe?"

"Ta tsaya? Tashi za ta yi!"

Kafin in yi bayani sai ga Labaran mai walda, taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara bakinsa bai taɓa barina na huta ba. Yana tafe yana kakkaɓe gilashi daga kansa.

"Kai Ɗanasabe, mi kaka yi wa mutane? Ƙwan shagona ya yi haske kamar rana, ya hwashe bisa kaina!"

"Gwaji nika yi."

"Gwajin mi? Ko kan nawa na da ƙwari?"

"Wanga ilimi ya hi ƙarhinka, bawana. Kai dai manna ƙarhe ka sani."

"Awo. Kai kuwa riƙon tsani. Da ka tsaya nan, da yanzu ka zama Sarkin Tsani, ba wanda ya ji ciwo."

Sai na hango matan layin Bakura sun taso daga injin niƙa da ƙorai a ka, hatsinsu rabi gari rabi tsaba. Mutum mai hankali ba ya tsayawa muhawara da mata masu jiran niƙa. Na ruga na mayar da layin.

To, ga wata ɗabi'a ta mutanenmu. In wuta ta ɗauke, ba mai kashe makunni. Kowa barin nasa yake a kunne, fanka da rediyo da dutsen guga, don kada ta dawo maƙwabci ya riga shi sani. Mai niƙa ma bai kashe nasa ba. Ina mayar da layi, duk wannan kaya ya faɗo wa inji a wuya gaba ɗaya. Ya yi nishi, ya yi tari, fiyus ya ce fat. Na sa wani. Fat. Na sa na ƙarshe, na yi bisimilla, na ja. Fat.

Ina tsaye da toka a hannu sai ga Inna Marka, ta ɗauko wani ƙaton kifi da wutsiya, ta kawo shi daidai hancina.

"Ɗanasabe ɗan nan, sansana."

"Inna, ai lahiya lau shike."

"Yanzu kam. In ya kai la'asar hirjina bai tashi ba, gidanka zan kawo su duka, kai da matarka Baturiya ku ci, ku biya ni da sarautar taka."

A nan na gane inda matsalar take. Inji lafiyarsa ƙalau. Wayoyina kuwa, ba a magana. Fiyus ne matsoraci. Abu kaɗan ya ga taro sai ya suma, ya bar mutum da kunya. Sarki ba ya tafiya da matsoracin dogari. Na laluba aljihu na ciro wata ƙusa mai kauri, irin ta kafa ƙyaure, na cusa ta a gurbinsa. Sannan na duba ɗan hannun nan da ke ba inji mai, wanda ke ja baya da kansa in gudu ya yi yawa, na ga shi ma yana da sanyin jiki. Na tura shi gaba, na murɗe shi da waya. Na tayar da inji. Ya yi nishi, amma ya ɗauka. Firji ya yi gurnani, injin niƙa ya kama, mata suka watse. Na koma zaure na shaida wa Alhaji cewa layi ya warke sarai, kuma ranar Talata zan nuna wa duniya: a kunna komai na unguwa lokaci guda, ana naɗa ni, ƙwai na haske.

"Dole sai lokaci guda?" in ji shi.

"Ranka shi daɗe, ɗaya bayan ɗaya ai kowa ya iya."

Ranar Talata da safe ina gaban madubi ina gwada yadda zan riƙa juya wuya da rawani, na ga matata Baturiya ta jera fitilun ƙwai a tsakar gida tana zuba musu kananzir.

"Mi na wanga, Baturiya? Gidan Sarkin Lantarki?"

"Gidan Ɗanasabe dai, Malam. Na daɗe cikinai."

"Yau za ki zama matar sarki."

"Allah shi sa. Ashana na bisa taga, in ka dawo kana lalube."

Bayan la'asar ƙofar gidan Alhaji ta cika. Baƙin Bakura da na Garbadu a kan darduma, 'yan kasuwa daga Tsibiri da Gidan Goga sun ajiye kaya sun tsaya kallo. An rataye ƙwai a igiya daga zaure har bishiya, an ɗaure lasifika a sama, Buba maroƙi ya riƙe abin magana kamar gadonsa ne. Na tsara mutane a kan layukan biyu, kowa nesa da wani iyakar jin kira, don su miƙa umarnina daga baki zuwa baki har ƙarshen waya. Aka zaunar da ni kan tabarma. Mai Unguwa ya warware rawani, ya yi addu'a, ya ɗora zagaye na farko a kaina. Wallahi sanyin ƙyallen nan har yanzu ina jinsa.

"Ɗanasabe na Baturiya!" in ji Buba, lasifika na amsawa har kasuwa. "Mai hasken da ba kananzir! Bature ya gan ka ya sauko daga tsani!"

Na ɗaga hannu. "A kunna!"

Kira ya bi layi. A kunna, a kunna, a kunna. Injin niƙa ya tashi, Labaran ya dasa walda a kan wani ƙarfen gado, dutsen guga na kowane gida ya hau, fankoki, rediyoyi, har waɗanda ba su da wanki sun kunna don zumunci. Inji ya yi wani nishi daga can cikin cikinsa. Ƙwai suka yi ja kamar gauta. Muryar Buba ta shiga rijiya.

Alhaji ya dube ni. Na yi murmushi. "Lilo na farko ke nan, ranka shi daɗe. Yanzu za ta tsaya."

Ba ta tsaya ba. Baƙin hayaƙi ya fara fita ta saman rumfa. Na ga in na yi shiru inji zai mutu a gaban baƙi, sai na ce a rage masa kaɗan. "A kashe!"

Ni kaɗan na nufa. Amma kira ba ya ɗaukar kaɗan. Unguwa duka ta kashe. Inji ya zabura, ƙwai suka yi fari har mutane na kare ido, muryar Buba ta fito daga rijiya ta tsaga kunne, wani baƙo daga Garbadu ya zubar da ruwan da yake sha.

"A kunna! A kunna!"

To, layin Bakura ya fi tsawo. Kafin "a kashe" ta kai ƙarshensa, "a kunna" ta riga ta gama layin Maradun. Daga nan ba wanda ya ƙara sanin wace ce sabuwa. Kira biyu suka riƙa karo a hanya, wannan na kunnawa wancan na kashewa, wasu na yi suna duban maƙwabta. Ƙwai su yi ja, su yi fari, su yi ja. Fankar zaure ta yi kamar za ta tsaya a gaisa, sai ta fizge. Buba kuwa ɗan halak bai ajiye abin magana ba: "Ɗana… SABE! Mai has… KEN DUNIYA!"

"Ɗanasabe, tsaya wuri guda," in ji Mai Unguwa, yana bin kaina da ƙyalle. "Ba a naɗa mutum shina waige."

"Wane lilo muke yanzu?" in ji Alhaji.

"Na kusa da na ƙarshe, ranka shi daɗe."

Labaran ya iso a guje, tabaron walda a goshi. "Taubashi, gadon mutane ya manne da ƙyauren shagona! Kunnawa anka ce ko kashewa?"

"Duka biyu! Koma!"

Sai wari ya iso, warin roba mai ƙuna. Wani baƙo ya nuna sama. Wayar da ta fito daga rumfa ta yi ja, ta saki jiki, tana ɗigar da baƙin ruwa. A nan ne matsoracin fiyus zai suma ya ceci kowa, amma jarumar da na sa a gurbinsa ta tsaya daram. Waya ta ce tas, ta tsinke, ta faɗi kan zanan makewayin Alhaji. Zana ta kama. Mata suka yi salati, maza suka yi kan randa, Inna Marka ta zo da ruwan da ya narke a firjinta ta watsa, har kifi ɗaya ya bi ruwan.

Wutar zana ba ta daɗe ba. Abin da ya daɗe shi ne kukan inji. Kaya duka sun sauka daga wuyansa, hannun mai kuwa yana ɗaure a gaba. Ya fara gudu a tsaye. Rumfar kwano na rawa, ƙasa na rawa, ƙara na hawa kamar jirgin sama zai tashi daga bayan zaure. Baƙi suka bar takalma.

"Injina!" in ji Alhaji. "Ɗanasabe, injina!"

Na tashi da rabin rawani a kai, rabin na jan ƙasa, Mai Unguwa na biye da ni riƙe da bakin ƙyallen. Na kama hannun kashewa na ja da ƙarfi. Ya biyo ni. Na tsaya da shi a hannu, inji bai ma san an yi ba. Wayar da na murɗe kuwa ta yi zafin da ba ta taɓuwa.

Nan na tuna wata rana a dam da wani inji ya yi irin wannan hauka, wani Bature ya cire rigarsa ya toshe masa inda yake shaƙar iska, ya mutu nan take. Wannan kam da idona na gani, daga gindin tsani. Na duba rigata, babbar riga ce mai aiki, kafin in fita daga cikinta an yi sallar magariba. Na duba hagu, ba buhu. Na duba dama, ba tsumma. Na ɗaga ido sama, ga farin ƙyalle na lilo a gaban hancina.

Jama'a, an ce mutum ba ya sanin abin da yake so sai an zo karɓa. Na warware shi da hannuna. Na dunƙule, na cusa a bakin inji. Ya zuƙe shi kamar taliya, ya fizge ragowar daga hannun Mai Unguwa, ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya girgiza, ya yi shiru. Wani ɗan guntun fari kaɗai ya rage a waje, yana reto a gefen kansa.

Labaran ne ya fara magana.

"Allah ja zamaninka, Mai Unguwa, ashe naɗi ya yi. Ga sarki nan da rawaninai, har da kunne."

Buba maroƙi, wanda a hannuna ya ci goro da safe, ya juya wa inji ya ɗaga hannu, ba lasifika ba komai: "Bijimin Alhaji, Sarkin Lantarki! Ka ci gas, ka ci rawani!" Baƙin Bakura suka dawo neman takalma suna dariya har da riƙe ciki. Wani ma durƙusawa ya yi ya kai gaisuwa.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya buɗe akwatin inji yana neman fiyus ɗin da ya ƙi yin aikinsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya karɓi filaya a hannun Labaran, ya zaro abin, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Wa ya sa wagga ƙusa?"

Na dubi Labaran, don ƙarfe sana'arsa ce. Ya dube ni. Na dubi sama, ko zan ɗora wa hadari, sama ta yi tas. Na tuna Turawa, amma sun yi nisa, kuma ba su taɓa shiga rumfar Alhaji ba. Na juya wajen mata, sai muka haɗa ido da Baturiya, ta riƙe haɓa tana jira ta ji da wace zan fito.

"Ranka shi daɗe," na ce, "ni na sa ta. Hannun mai ma ni na ɗaure. Layin ranar nan ni na yanke, kuma ba wanda ya ce a kunna komai lokaci guda sai ni."

Alhaji ya buɗe baki, na riga shi.

"Amma a hwaɗi gaskiya ko don Allah. Waya ta ƙone, ƙwai sun hwashe, zana ta tahi, rawani ya tahi. Ku dubi ƙusar nan da kyau. Ko lanƙwasa ta yi?"